Hasashen Kasuwanci Da Kwamfuta: Wace Manhaja Ce Abin Dogaro?

Bankuna da kamfanonin inshora da masana'antu da ma'aikatun gwamnati sun daɗe da daina yanke shawara a kan manyan kuɗaɗe ba tare da sun tuntuɓi kwamfuta ba. Kafin banki ya ba da rancen gina masaƙa, ko kamfani ya ƙara farashin kayansa, ko gwamnati ta tsara kasafin kuɗinta, akan gina wani lissafi a cikin na'urar domin a hango abin da zai biyo baya. Tambayar da manajoji da masu zuba jari suke yawan yi ita ce: daga cikin manhajojin da ake wannan aiki da su, wacce ce ta fi aminci? Masana sun shafe fiye da shekara 50 suna gwada waɗannan manhajoji, kuma abin da suka gano shi ne, sunan kamfanin da ya ƙera manhaja ko tsadarta ba ya tabbatar da ingancin amsar da za ta bayar. Kowane rukuni na manhajoji yana da inda yake tuntuɓe, kuma sanin wannan wuri shi ne abin da zai kare dukiyar mai amfani da su.

Abin da ake nufi da samfurin lissafi

Samfurin lissafi kwaikwayo ne na yadda wani tsari yake gudana, wanda aka rubuta da alƙaluma da ƙa'idoji. Mai kamfanin sarrafa shinkafa, alal misali, zai iya rubuta yadda farashin shanshera da kuɗin man dizal da albashin ma'aikata da kuɗin ruwan banki suke haɗuwa su fitar da ribarsa. Daga nan sai ya riƙa canza ɗaya daga cikinsu yana duba abin da zai faru da sauran, ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Wannan dabara ta girmi ƙananan kwamfutocin da ake gani a ofisoshi. A shekarar 1949 wani masani ɗan ƙasar New Zealand mai suna Bill Phillips, wanda yake karatu a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, ya ƙera wata na'ura ta tankuna da bututu wadda ruwa mai launi yake zagayawa a cikinta a matsayin kuɗi. Idan aka buɗe famfon haraji ko aka rage na kashe kuɗin gwamnati, sai a ga ruwan wani tanki ya hau, na wani ya sauka. Bayan haka Farfesa Jay Forrester na cibiyar fasaha ta MIT a Amurka ya mayar da irin wannan tunani cikin kwamfuta, ya kuma wallafa littafinsa a kan sha'anin a 1961. Har yanzu tushen aikin bai canza ba: akwai abin da yake taruwa, kamar bashi ko kaya a sito, akwai abin da yake shiga yana fita, akwai kuma ƙa'idar da ta haɗa su.

Rukunan manhajojin

Manhajojin da ake wannan aiki da su sun kasu kusan kashi huɗu. Na farko su ne na jadawalin lissafi, waɗanda Excel na kamfanin Microsoft ya fi shahara a cikinsu, bayan da ya ture Lotus 1-2-3 wanda ya yi tashe a shekarun 1980. Na biyu su ne na ƙididdiga da nazarin alƙaluman tattalin arziki, irin su EViews da Stata da SAS da SPSS, sai kuma R da gretl da Python waɗanda kyauta ake samun su. Na uku su ne waɗanda aka ƙera musamman domin kwaikwayon tsarin da yake canzawa da lokaci, irin su Stella wadda ta fito a 1985, da Vensim da Powersim da AnyLogic. Na huɗu su ne na warware manyan lissafan tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, irin su GAMS wadda aka fara ƙirƙira a Bankin Duniya, da GEMPACK ta ƙasar Ostareliya.

Nijeriya ma tana cikin masu amfani da su. Babban Bankin Nijeriya yana da samfuran da yake hasashen hauhawar farashi da bunƙasar tattalin arziki da su, kuma a shekarar 2019 gwamnatin tarayya, da haɗin gwiwar Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gabatar da wani samfuri mai suna iSDG domin auna tasirin manufofinta a kan muradun ci gaba mai ɗorewa. Saboda haka batun amincin waɗannan manhajoji ya shafi shawarwarin da ake yankewa a cikin gida.

Kwamfuta ma tana kuskuren lissafi

Mutane da yawa sun ɗauka cewa kwamfuta ba ta kuskure a lissafi. Gaskiyar magana ita ce tana da iyaka. Na'urar tana ajiye lambobi ne da sifiri da ɗaya kawai, kuma akwai lambobin da ba sa rubutuwa daidai ta wannan hanya, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa idan aka rubuta shi 0.3333. Lambar 0.1 tana cikin irin waɗannan. Shi ya sa idan aka umarci manhajoji da dama su tara 0.1 da 0.2 suka kuma nuna amsar duka, sai a ga 0.30000000000000004. Excel kuwa lambobi 15 kawai yake riƙewa. Idan aka rubuta masa lambar katin banki mai lamba 16, sai ya mayar da ta ƙarshe sifiri. Ma'aikatan da suke shirya albashi a Nijeriya sun san ƙanwar wannan matsala, wato yadda yake share sifirin da ke farkon lambar asusun banki idan ba a gaya masa cewa rubutu ne ba.

Irin wannan ɗan bambanci ba ya cutarwa a lissafi guda, amma idan aka maimaita shi sau dubbai yakan zama ɓarna. Kasuwar hannun jari ta birnin Vancouver a Kanada ta ƙaddamar da sabon ma'aunin farashi a watan Janairun 1982 a kan maki 1,000. Ana sabunta ma'aunin kusan sau 3,000 a kowace rana, kuma a kowane karo kwamfutar tana datse abin da ya wuce lamba uku bayan ɗigo, maimakon ta cike shi zuwa lamba mafi kusa. Zuwa watan Nuwamban 1983 ma'aunin ya faɗi zuwa maki 524.811, alhali kasuwar ba ta faɗi ba. Da aka gyara lissafin sai ya koma 1,098.892. Wata 22 aka yi ana buga wa masu zuba jari ma'aunin da ya zubar da fiye da rabin ƙimarsa.

Wani lokaci kuma kuskuren daga masana'anta yake fitowa. A 1994 wani malamin lissafi a jihar Virginia, Thomas Nicely, ya gano cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium tana ba da amsar da ba daidai ba a wasu lissafan rabawa, abin da ya jawo wa kamfanin Intel asarar dala miliyan 475 wajen musanya wa jama'a. A 2007 kuma an gano cewa sabon Excel na lokacin yana nuna 100,000 idan aka ninka 850 da 77.1, alhali amsar ita ce 65,535. Microsoft ya gyara wannan cikin 'yan makonni.

Yadda ake yi wa manhaja jarrabawa

Tun da yake haka ne, ta yaya za a bambance manhaja mai kyau da maras kyau? Hanyar ita ce wadda jami'an awo suke bi idan za su duba sikelin mahauta: a ɗora masa dutsen da aka riga aka san nauyinsa, a ga abin da zai nuna.

Wanda ya fara yin haka a fili shi ne James Longley na ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka, a shekarar 1967. Ya ɗauki alƙaluman shekara 16, daga 1947 zuwa 1962, na yawan masu aikin yi a Amurka da wasu abubuwa shida da suke da alaƙa da shi, ya fitar da amsar da ƙaramar na'urar lissafi ta kan tebur cikin tsanaki, sa'an nan ya ba manyan kwamfutocin zamanin aikin. Da yawa daga cikin manhajojin sun kasa samun ko lambobi biyun farko daidai, wasu ma sun juya alamar amsar, abin da ya kamata ya zama ƙari suka nuna shi ragi. Dalilin kuwa shi ne abubuwa shidan suna tashi tare suna sauka tare, don haka ɗan kuskuren cike lamba yakan kumbura ya mamaye amsar. Alƙaluman tattalin arziki kusan kullum haka suke, domin farashi da albashi da yawan kuɗin da ke yawo sukan tafi tare.

A ƙarshen shekarun 1990 hukumar kula da ma'aunai da fasaha ta Amurka, wato NIST, ta faɗaɗa wannan aiki. Ta fitar da jerin tambayoyi na ƙididdiga tare da amsoshinsu da aka tabbatar, wasu har zuwa lamba 15, ta kasa su zuwa masu sauƙi da matsakaita da masu wuya, ta kuma bar su kyauta ga duk mai so. Wani masani mai suna Bruce McCullough da abokan aikinsa suka riƙa ɗaukar manhajoji ɗaya bayan ɗaya suna yi musu wannan jarrabawa suna wallafa sakamakon. A binciken da shi da Berry Wilson suka fitar a 1999 a kan Excel 97, sashen manhajar mai laluben amsa ya kasa samun ko lamba ɗaya daidai a fiye da rabin tambayoyi 27 na lissafi mai lanƙwasa, kuma abin da ya fi muni shi ne bai sanar da mai amfani da shi cewa ya kasa ba. Microsoft ya gyara wasu daga cikin ayyukan ƙididdigar a fitowar 2003 da ta 2010, kuma Excel na yanzu ya fi na wancan lokaci nesa ba kusa ba.

Manhajojin ƙwararru sun fi yin abin kirki a jarrabawar, amma su ma ba su tsira duka ba. A 2001 wasu masana uku a Birtaniya, Chris Brooks da Simon Burke da Gita Persand, sun ba manhajoji tara alƙaluma iri ɗaya na canjin kuɗi domin su auna yadda farashi yake hawa da sauka, irin lissafin da bankuna suke auna haɗari da shi. Amsoshin sun sha bamban. Bambancin ya samo asali ne daga inda kowace manhaja take fara lalube, da lokacin da take yanke cewa ta kai ga amsa. Irin waɗannan lissafai ba a warware su kai tsaye. Manhajar takan fara da wani zato, ta gyara shi, ta sake gyarawa, har ta ga gyaran ya zama ƙanƙane sai ta tsaya. Idan wata ta tsaya da wuri, ko ta fara daga wani wuri dabam, sai ta kawo wata amsar.

Amfanin wannan jarrabawa ya bayyana, domin kamfanoni da yawa sun gyara kayansu, wasu ma suna buga sakamakon gwajin NIST da kansu domin masu saye su gani. A lissafai na yau da kullum, manyan manhajojin ƙididdiga na yanzu, na kuɗi da na kyauta, sukan ba da amsa iri ɗaya. Inda har yanzu ake samun saɓani shi ne lissafai masu buƙatar lalube.

Jadawalin lissafi da hannun ɗan Adam

Babban haɗarin Excel da ire-irensa a yau yana hannun mai amfani da su ne. Sauƙin da ya sa kowa yake son su shi ne kuma rauninsu: ƙa'idojin lissafin suna ɓoye a cikin gurabe, ba a ganin komai sai sakamako, kuma kowa zai iya canza gurbi ɗaya ba tare da an lura ba. Farfesa Raymond Panko na Jami'ar Hawaii, wanda ya daɗe yana nazarin wannan, ya tattara binciken da aka yi a kamfanoni, inda aka samu kuskure a mafi yawan jadawalan da aka bincika. Lissafin dalilin ba shi da wuya. A ɗauka ma'aikaci yana kuskure sau ɗaya ne kawai a cikin ƙa'idoji ɗari da ya rubuta. Idan jadawalinsa yana da ƙa'idoji 200, yiwuwar a sami aƙalla kuskure ɗaya a ciki ta kai kusan kashi 87 cikin ɗari.

Misalin da ya fi shahara ya faru ne a fagen manufofin gwamnati. A 2010 wasu fitattun masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa binciken da ya nuna cewa ƙasashen da bashin gwamnatinsu ya zarce kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasa take samarwa a shekara, matsakaicin bunƙasarsu yakan faɗi zuwa ƙasa da sifiri, wato ragin kashi 0.1 cikin ɗari. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun riƙa kafa hujja da wannan wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, tare da malamansa Michael Ash da Robert Pollin, ya karɓi ainihin jadawalin ya duba. Ya tarar cewa ƙa'idar fitar da matsakaici ta tsallake layuka biyar daga cikin ƙasashe 20, wato Ostareliya da Ostiriya da Beljiyam da Kanada da Denmak. Da suka gyara wannan, suka shigar da wasu shekarun da aka bari, suka kuma canza yadda ake ba kowace ƙasa nauyi, sai adadin ya koma ƙarin kashi 2.2 cikin ɗari. Marubutan biyu sun amince da kuskuren jadawalin, amma sun kare sauran hanyoyinsu, kuma lallai kuskuren layukan shi ne ƙaramin ɓangare na bambancin. Darasin dai shi ne, shekara uku aka yi ana kafa hujja da adadin kafin wani ya buɗe jadawalin.

A bankin JPMorgan Chase kuwa, wanda ya yi asarar kimanin dala miliyan dubu 6 da miliyan 200 a cinikin da ofishinsa na Landan ya yi a 2012, rahoton binciken da bankin ya fitar da kansa a Janairun 2013 ya nuna cewa samfurin auna haɗarin yana gudana ne a kan jerin jadawalan Excel da ake kwafe alƙaluma da hannu daga wannan zuwa wancan. A wani gurbi an raba da jimlar lambobi biyu maimakon matsakaicinsu, abin da ya sa haɗarin ya bayyana ƙasa da yadda yake. Kuskuren bai haddasa asarar shi kaɗai ba, amma ya rufe idon waɗanda ya kamata su tsawata. Haka nan a watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin mutum 15,841 masu ɗauke da cutar korona ya salwanta daga rahotanninta, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layuka 65,536. Abin da ya wuce iyakar sai ya zube ba tare da gargaɗi ba.

Manhajojin kwaikwayon tsari da saitinsu

Manhajoji irin su Vensim da Stella sun magance wani ɓangare na wannan matsala. Suna nuna samfurin a zane, a ga tanki da bututu da kibiyoyin da suka haɗa su, kuma kowace ƙa'ida tana da suna. Suna kuma iya duba ma'auni, ta yadda idan aka tara naira da buhuna za su yi gargaɗi, abin da Excel ba ya yi. Amma su ma suna da nasu tarkon, wanda shi ne tsawon takun lokaci.

Kwamfuta ba ta iya bin lokaci yana gudana kamar ruwa, sai dai ta yanka shi gunduwa-gunduwa ta yi lissafi a kowace gaɓa. A ɗauki bashin naira miliyan ɗaya da kuɗin ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara. Idan takun shekara guda ne, bayan shekara ɗaya bashin zai zama naira 1,240,000. Idan takun wata guda ne, zai zama naira 1,268,242. Bayan shekara goma na farko zai kai kimanin naira miliyan 8.59, na biyu kuma miliyan 10.77. Ƙa'ida ɗaya ce, alƙaluma ɗaya ne, amma tazarar ta wuce naira miliyan biyu. A samfurin da abubuwa suke komawa su shafi junansu, kamar farashi da yawan noma, taku mai tsawo yakan iya haifar da hawa da saukar da babu su a zahiri, manaja ya ɗauka kasuwa ce take rawa alhali lissafin ne. Ƙa'idar da masu wannan fanni suke koyarwa ita ce a raba takun biyu a sake gudanar da samfurin; idan sakamakon ya canza sosai, to takun farko ya yi tsawo.

Domin sauƙaƙa kwatanci, a 2015 an amince da wani tsarin fayil na bai ɗaya mai suna XMILE, wanda yake ba da damar ɗaukar samfuri daga wata manhaja a gudanar da shi a wata. Idan manhajoji biyu da kamfanoni dabam-dabam suka ƙera suka ba da amsa ɗaya, an sami shaida mai ƙarfi cewa lissafin daidai ne.

Alƙaluman da ake zubawa

Ko da manhaja ta ci jarrabawa, ma'aikaci kuma bai yi kuskure ba, samfurin ba zai fi alƙaluman da aka ba shi inganci ba. Nijeriya tana da misalai a kan haka. A watan Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take auna tattalin arziki da ita daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da fannoni irin su sadarwa da finafinai yadda ya kamata. Nan take girman tattalin arzikin na 2013 ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 42 zuwa tiriliyan 80, wato kusan dala miliyan dubu 510, Nijeriya ta shige gaban Afirka ta Kudu a lokacin. Nauyin bashi a kan tattalin arziki ya sauka daga kimanin kashi 19 zuwa 11 cikin ɗari ba tare da an biya ko sisi ba. A farkon 2025 hukumar ta sake sabunta ma'aunin farashin kayayyaki daga shekarar 2009 zuwa 2024, sai hauhawar farashi da aka bayyana kashi 34.80 a Disamban 2024 ta zama kashi 24.48 a Janairun 2025. Duk wanda ya jera tsofaffin alƙaluma da sababbi a layi ɗaya ya ba kwamfuta, za ta fitar masa da amsa mai tsabta wadda ba ta da ma'ana, kuma babu manhajar da za ta gargaɗe shi.

Sauyin manufa ma haka yake. Masanin tattalin arziki Robert Lucas ya yi gargaɗi tun 1976 cewa alaƙar da aka gano daga alƙaluman baya takan rushe idan gwamnati ta canza manufa, domin mutane ma sukan canza halinsu. An ga haka a 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, sa'an nan a watan Yuni aka saki naira, farashin dala a kasuwar hukuma ya tashi daga wajen naira 460 zuwa fiye da 750 kafin watan ya ƙare. Samfurin da aka gina a kan shekarun da farashin canji yake a daskare ba shi da abin da zai faɗa game da irin wannan rana.

Abin da kwatancin ya nuna

Idan aka jera rukunan, jadawalin lissafi ya dace da ƙaramin aiki, kamar kasafin shago ko hasashen shigar kuɗi da fitarsu na shekara guda, amma haɗarinsa yana ƙaruwa da girman aikin da yawan hannayen da suke taɓa shi. Manhajojin ƙididdiga sun fi ƙarfi a lissafi, kuma suna da fa'idar cewa umarnin da aka ba su yana rubuce, wani zai iya karantawa ya maimaita. R da Python, duk da kyauta ne, ba su gaza na kuɗi ba a manyan ayyukansu, sai dai ƙananan ƙarin da mutane dabam-dabam suke rubuta musu ba duka aka tantance ba. Manhajojin kwaikwayon tsari sun fi nuna yadda abubuwa suke shafar juna, amma amsarsu tana rataye da saiti da kuma zaton wanda ya gina samfurin.

Ko a tsakanin ƙwararru, maimaita aikin wani ba ƙaramin abu ba ne. A 2015 wasu masana biyu, Andrew Chang da Phillip Li, sun gwada maimaita sakamakon maƙalu 67 da aka buga a mujallun tattalin arziki 13. Ba tare da taimakon marubutan ba, 22 kawai suka iya maimaitawa. Idan haka ta faru da aikin da aka tace kafin a buga, rahoton da ɗan kwangila ya kawo wa kamfani ya fi buƙatar bincike.

Abin da ya kamata mai kamfani ya nema

Mai kamfani ko manajan banki ba sai ya zama masanin lissafi ba kafin ya kare kansa. Duk wanda ya kawo masa hasashe, ya nemi a ba shi samfurin kansa da alƙaluman da aka zuba, tare da sunan manhajar da lambar fitowarta, domin takardar sakamako kaɗai ba ta isa a bincika komai ba. Ya sa a gwada samfurin da shekarar da ta riga ta wuce wadda aka san sakamakonta. Ya sa a zuba masa lambobin da hankali ya san amsarsu: idan ciniki sifiri ne, bai kamata riba ta fito ba. A aikin da ya shafi kuɗi masu yawa, ya sa wani mutum dabam ya sake gina lissafin a wata manhaja, a kwatanta amsoshin biyu. Ya kuma nemi a nuna masa abin da zai faru idan farashin dala ko na dizal ko kuɗin ruwa ya tashi da rabi, domin hasashe mai lamba ɗaya tak yana ɓoye haɗari.

Akwai kuma batun manhajojin sata da suka cika kasuwa. Baya ga saɓa doka, ba a cika samun gyare-gyaren kamfani a kansu ba, don haka kuskuren da aka magance shekaru da suka wuce yana iya kasancewa a cikinsu. Wanda ba shi da halin sayen ta kuɗi, gara ya ɗauki ta kyauta wadda ake sabuntawa. Sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da suke rubuta wa mutum ƙa'idojin lissafi su ma suna ƙarƙashin wannan hukunci, domin sukan rubuta abin da yake kama da daidai alhali akwai kuskure a ciki, kuma sai an bi shi da gwaji.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Kuɗin da za a biya mutum na biyu ya sake duba lissafin kamfani na 'yan kwanaki bai kai ko kusa da abin da za a rasa ba idan aka karɓi rance, ko aka kafa masana'anta, a kan lambar da ba wanda ya tantance.